Yadda ruwan famfo ya kashe koi huɗu a tafkin wani ɗan uwanmu a Amurka

Mutumin da tafkinsa

Mutumin ɗan Arewa ne, ya daɗe a Amurka yana aiki, sunansa da garin da yake mu bar su a gefe. A watan Oktoba ya sayi gida a hannun wani dattijon Bature da zai koma kusa da 'ya'yansa, toh a bayan gidan akwai tafki mai cin lita 7,500, galan 2,000 kenan a ma'aunin can, da kifin koi guda tara a ciki, babbansu ya kai santimita 60.

Ga wanda bai san koi ba, kifin kallo ne ba na miya ba. Manoman shinkafa na yankin Niigata a Japan, wajen Ojiya da Yamakoshi, su suka fara ware masu launi suna haɗa su tun ƙarni na 19, sai a 1914 da aka kai su wani babban baje koli a Tokyo sannan sauran ƙasar ta san da su. Suna iya yin shekara talatin har sama in an kula da su, kuma a 2018 an sayar da guda ɗaya tak a Japan kan yen miliyan 203. Na wannan bawan Allah ba su kama ƙafar wancan ba, amma dai dattijon ya shekara sama da goma yana rainonsu, har a hannu suke karɓar abinci.

Kayan tafkin ba su da yawa. Akwai injin da ke jan ruwa ya tura shi cikin wani akwati cike da soso, matata kenan, daga nan ruwan ya gangaro ta kan duwatsu ya dawo. Soson nan ba datti kaɗai yake tarewa ba, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a jikinsa suna cinye amoniyar da kifi ke fitarwa su mayar da ita naitirait, wasu kuma su karɓa su mayar da ita naitiret wadda ba ta cika cutarwa ba. Sai wani farin tanki mai lita 1,000 a cikin kejin ƙarfe a gefen katanga. Dattijon ya bar masa takarda manne a ƙofar gareji: duk Asabar a zubar da lita 750, a maye da ruwan famfon da ya kwana biyu a farin tanki ana hura masa iska, sannan in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a daina ba su abinci.

Haka ya yi ta yi har tsakiyar Nuwamba, ba ko kifi ɗaya da ya nuna damuwa. A lokacin kulorin zalla hukumar ruwan garin ke sakawa don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa kulorin zalla ba ya zama, iska da rana suna korarsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Disamba zuwa Maris

Sanyi ya shigo, kifayen suka kwanta a ƙasan tafki ba ci ba yawo, shi ma ya daina ba su abinci kamar yadda takarda ta ce, ya kuma dakatar da canjin ruwa. A watan Fabrairu hukumar ruwan garin ta bar kulorin zalla ta koma kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya kaɗan. Sun aiko da sanarwa tare da takardar kuɗin ruwa, har da jan kunne na musamman ga mutum iri biyu, masu wankin ƙoda da masu kiwon kifi, amma shi kuɗin ruwansa banki ke cira kai tsaye duk wata, ambulan ɗin ko buɗe shi bai yi ba.

Canjin ba wani baƙon abu ba ne a can. Denver na amfani da kuloramin tun 1917, Washington ta koma kansa a 2000, San Francisco a 2004, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ce sama da mutum ɗaya cikin biyar a Amurka irin ruwan suke sha. Dalilin shi ne kulorin zalla in ya haɗu da ragowar ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ruwan kogi yana haifar da wasu sinadarai da ake zargi da jawo ciwon daji in an daɗe ana sha, aka tsaurara doka a kansu a 1998 aka ƙara a 2006, shi kuma kuloramin bai cika haifar da su ba, ga shi yana daɗewa a cikin bututu har ya kai gidan ƙarshe bai mutu ba. Wannan daɗewar da hukumar ruwa ke so, ita ce dai matsalar mai kifi.

Duk lambar kulorin ko amoniya da zan kawo daga nan miligiram ce a kowace lita. Ga ɗan Adam doka ta yarda kulorin ya kai har 4. Ga halittun ruwa kuwa iyakar da EPA ta sa 0.019 ce na ɗan lokaci, 0.011 in zama za a yi a ciki. Mu sha muke yi ya wuce ta ciki, shi kifi da ruwan yake numfashi, sinadarin yana ƙona jan naman nan na gefen kai da yake shaƙar iska da shi, kuloramin ma har ratsawa yake ya shiga jini ya lalata abin da ke ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa aka haɗa su da masu wankin ƙoda a sanarwa ɗaya.

Afrilu, makonni uku na farko

Ruwa ya hau digiri 12, kifaye suka taso, ya ci gaba da tsarin takarda. Asabar ta farko bayan ya saki ruwan tanki da kamar awa ɗaya sai ya ga suna goga jiki da bangon tafki, wasu sun maƙe fiffike, sun taru a inda ruwa ke gangarowa suna buɗe baki. Zuwa Litinin duk sun ware sun koma cin abinci. Asabar ta biyu haka, ta uku haka, sai dai wannan karon ƙananan biyu sun yi yauƙi fari-fari a jiki kuma har Laraba ba su ci komai ba.

Ya duba intanet, ko'ina ƙwari ake kira, tunda dama bayan sanyi lokacinsu ne kuma gogar jiki alamarsu ce. Ya sayo maganin ƙwarin kifi ya zuba, ya ƙara da gishiri, ba abin da ya canza. Ya ɗan yi zargin ruwan ma, don ya ɗauko tsinken gwaji irin na wurin ninƙaya da ya tarar a gareji ya tsoma a tanki, gurbin kulorin ya fito fari tas, sifili, sai ya cire ruwan daga lissafi gaba ɗaya. Bai lura ba cewa tsinken kulorin zalla kawai yake gani, wanda ke ɗaure da amoniya ba ya nuna shi.

Asabar ta ƙarshen Afrilu

Da safe ya kira yayansa a Zariya, wanda ya daɗe yana kiwon tarwaɗa da ruwan bohol, ya kwatanta masa komai. Amsar ba ta ɗau lokaci ba. "Kai ruwanka ne ya lalace, zubar da rabi ka zuba sabo, ka wanke matatar nan tas, gobe ka kira ni." Shi kuma ya ce "toh Yaya", ya ajiye waya ya hau aiki.

Ya zubar da lita 3,000. Tanki lita 1,000 yake ci kuma babu lokacin jiran kwana biyu, don haka ya jawo mesa kai tsaye daga famfo ya ɗaure bakinta a jikin kujera yana kallon sama, ruwan ya riƙa feshi yana faɗowa cikin tafki, wai feshin zai kori kulorin kamar yadda ya karanta a wani wuri. Yana jiran tafki ya cika ya ciro duk soson matata ya shimfiɗa a kan ciyawa ya wanke su da mesa har ruwan da ke fita ya yi garau. Ya fara wajen ƙarfe biyu na rana, ya gama bayan la'asar.

Zuwa magariba duka taran suna sama suna haki. Da asuba uku sun mutu, har da babban, fari mai jan tambari a baya irin wanda Japanawa ke kira kohaku. Ya ɗaga murfin gefen kan kifin ya duba, maimakon ja jawur kamar na lafiyayyen kifi sai ya ga naman ya koɗe ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, bakinsa ya zaizaye, yauƙi ya manne zaren wuri ɗaya. Na huɗu ya bi su ranar Talata.

Farkon Mayu, gwajin da ya nuna abin

Ya ɗebi ruwa kwalba uku, na famfo da na tanki da na tafki, ya kai shagon da ake sayar da kayan koi. Matar shagon tambayarta ta farko ita ce da me yake kashe kuloramin, ya ce mene ne kuma haka. Ta raba ruwan famfon a 'yan kwalabe biyu, ta zuba wa kowacce ɗan farin gari na gwajin kulorin da ake kira DPD, ɗaya na kulorin zalla ɗaya na jimlar kulorin. Ta farko da ƙyar ta sauya launi, 0.1. Ta biyun cikin minti biyu ta zama ruwan hoda sosai, 2.5. In ka cire ta farko daga ta biyu saura 2.4, shi ne kuloramin.

Ruwan tanki da ya kwana biyu da iska ya ba da 2.2. Ya bar shi ya cika mako don ya gani da idonsa, ya sake gwadawa da kayan da ya sayo, 1.8. Yanzu sai lissafin baya ya fito: duk Asabar lita 750 mai 2.2 a cikin 7,500 tana ba da 0.22, sama da ninki goma na iyakar EPA, dattin tafki da gansakuka ne ke cinye shi a hankali, shi ya sa kifin ke farfaɗowa ranar Litinin. Ranar babban canjin kuwa lita 3,000 kai tsaye ta kai tafkin kusan 1.

Mayu, an gudu ba a tsira ba

Matar shagon ta ba shi maganin kashe kulorin, sodiyom tiyosalfet, wasu ƙananan duwatsu masu sheƙi da ke narkewa nan take, kuma ba su da tsada. Ma'aunin da masu kiwon kifi ke bi kusan miligiram 7 ne ga kowane miligiram ɗaya na kulorin, lita 750 mai 2.5 tana cin giram 13 kenan. Ya zuba a tanki ya juya, bayan 'yan mintuna gwaji ya fito fari. Garin bitamin C ma yana wannan aikin, kashi biyu da rabi ga kashi ɗaya, sai dai yana sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, bai bi ta kansa ba.

Nan ya ɗauka magana ta ƙare. Mako ɗaya bayan haka sauran biyar ɗin suka sake kwanciya, fiffikensu ya yi ja-ja da jijiyoyin jini. Kulorin sifili, amma amoniya 1.5.

Abu biyu ne suka haɗu. Tiyosalfet yana raba kuloramin ne ya kashe ɓangaren kulorin, amoniyar ya sake ta a ruwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ita ce, wato ruwan famfonsa bayan an yi masa magani yana ɗauke da amoniya wajen 0.5. A tafki mai lafiyayyar matata wannan ba komai ba ne, canjin kashi goma cikin ɗari zai ƙara 0.05 ne bakteriya su cinye kafin gari ya waye. Amma shi ya kashe bakteriyarsa ranar da ya wanke soso da ruwan famfo, kifaye biyar kuma suna ci suna fitar da tasu amoniyar ba mai kwashewa. Sai ga pH, ruwan garin 8.5 yake zuwa, kuma amoniya iri biyu ce a ruwa, mai dafi da mai sauƙi, pH da zafin ruwa ne ke raba su. A digiri 20, in pH 7 ne mai dafin ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, in 8 ne kusan kashi 4, in 8.5 ne kusan kashi 11. Nasa 1.5 ɗin yana nufin mai dafi wajen 0.17, alhali daga 0.05 take fara taɓa kifi.

Ya canza rabin ruwa da wanda aka sa wa tiyosalfet yana sa ran 0.75, gwaji ya ce 1.0, tunda sabon ruwan ma da tasa ya zo, kamar mai wanke kaya da ruwan kwata ne. Washegari ta koma 1.3.

Daga nan ya koma wani magani na daban mai aiki biyu, yana kashe kulorin yana kuma ɗaure amoniya ta yadda ba za ta cutar ba har bakteriya su same ta. Yana zubawa ya gwada da kayan gwajin amoniyarsa irin na Nessler, ruwan ya zama ruwan ƙasa mai duhu kamar amoniyar ta ninka, wallahi saura kaɗan ya sake zubar da rabin tafki. Ya kira shagon tukuna, aka ce masa gwajin Nessler ba ya jituwa da irin waɗannan magungunan, ƙarya yake bayarwa, ya nemi na salisilet mai tashi daga rawaya zuwa kore. Ya dakatar da abinci na mako guda, ya ƙara injin hura iska, wani mai koi a unguwarsu ya yanko masa soso daga tsohuwar matatarsa ya kawo a bokiti da ruwan tafkinsa don bakteriyar su yaɗu.

A mako na uku amoniya ta fara sauka, naitirait ta tashi, wanda dama haka abin ke tafiya, rukunin farko na bakteriya suna riga na biyu kafuwa. Ya zuba gishiri kilo 7.5, kilo ɗaya ga lita dubu, saboda gishirin yana tare wa naitirait hanyar shiga jinin kifi. A mako na shida duka biyun suka nuna sifili, ya dawo da abinci kaɗan-kaɗan.

Yuni, maganar gawayi

Auna gari duk Asabar ya ishe shi, kuma yana tsoron ranar da zai manta ko ya yi tafiya wani ya riƙe masa. Ya sayo 'yar matatar gawayi da ake ɗaurawa a bakin mesa, a kwalinta an rubuta tana cire kulorin. Ya buɗe famfo gaba ɗaya ya gwada abin da ke fitowa, kulorin zalla sifili, jimla 1.2. Gawayin tace ruwa yana gamawa da kulorin zalla cikin daƙiƙoƙi, kuloramin kuwa sai ruwan ya jima a jikin gawayin, a wuraren wankin ƙoda ma ƙa'idar minti goma ce. Ya rage famfon har ya zama ɗigo-ɗigo, jimla ta sauko 0.3, wanda ga kifi har yanzu da yawa.

Sai ya sayi tulun gawayi babba mai cin lita 28, irin wanda ake kira katalitik da aka sarrafa musamman don kuloramin, ya saita ruwa lita 2.8 a minti don ya samu minti goman nan. Cika lita 750 yana cin awa huɗu da rabi. Gwajin jimla ya fito fari. Tsarin ya koma haka: famfo, agogon da ke rufe ruwa da kansa, tulun gawayi, farin tanki, gwaji, sannan tafki. Mesa ba ta sake shiga tafki kai tsaye ba, soson matata kuma a bokiti yake matse shi da ruwan da ya zubar daga tafkin, rabi wannan makon rabi wani makon.

Shekarar da ta biyo baya

Abu biyu suka gwada tsarin. A ƙarshen Maris ruwan famfo ya fara warin bilic sosai, ya gwada ya ga kulorin zalla da jimla sun zo daidai. Garuruwa da dama masu kuloramin suna komawa kulorin zalla na wasu makonni a shekara don wanke bututu, Washington ma tana yi duk shekara a irin wannan lokacin. Gawayin ya cinye shi ba wata damuwa. Na biyun a watan Mayu ne, wata goma sha ɗaya bayan sa tulun, ruwan tanki ya nuna ɗan ruwan hoda kaɗan, 0.1. Gawayi ya gaji. Ya zuba tiyosalfet a tankin ranar, ya sauya gawayin a makon. Kifi biyar ɗin suna nan, ɗaya daga ciki dai ya tsaya girma kuma shi ke fara haki duk sanda aka yi zafi.

Me ya kashe, me ya yi aiki

A ganina canjin Asabar-Asabar na Afrilu ya jikkata su ne kawai, abin da ya kashe huɗun shi ne lita 3,000 ɗin, kuma abin da ya kai shi ga zuba ta shi ne tsinken gwajin da ya wanke ruwan famfo daga zargi. Da tsinken na jimlar kulorin ne, da tun mako na biyu an gano. Takardar dattijo daidai take ga ruwan da ya sani, shawarar Yaya ma daidai take ga mai bohol, don ruwan bohol ba wanda ya sa masa kulorin kuma tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama ta jure abin da koi ba zai jure ba. Wankin soso ne kaɗai ba shi da mafaka a ko'ina matuƙar da ruwan famfo za a yi shi, kuma shi ya mayar da matsalar kwana ɗaya ta zama ta mako shida.

Tiyosalfet bai gaza ba, aikinsa ya yi, in matata na raye kuma canjin bai wuce kashi goma zuwa ashirin ba ya isa shi kaɗai, kuma ya fi komai arha. Tulun gawayi sauƙi ya saya masa, amma ba don gwajin da yake yi a tanki kafin ya saki ruwa ba, da ranar da gawayin ya gaji an koma gidan jiya.

Masu kifi a gida Najeriya da ke haɗawa da ruwan famfo, kulorin zalla aka fi sa musu, barin ruwa ya kwana yana yi musu aiki. Amma in aka sako ruwan famfo kai tsaye cikin tafkin tarwaɗa da ya cika da amoniya, kulorin ɗin zai kama amoniyar a nan cikin tafkin ya zama kuloramin, kuma daga nan iska ba ta korarsa da wuri.

Shi dai yanzu saura abu ɗaya da yake lallaɓawa, gawayin ba ya kwashe amoniyar duka, ruwan tankinsa yana fitowa da wajen 0.25, bakteriyar matata kuma ba sa aiki sosai in ruwa na ƙasa da digiri 10. Don haka canjin farko bayan sanyi lita 375 kawai yake yi, rabin na takarda, sai ruwa ya wuce digiri 15 kuma gwajin amoniya ya nuna sifili mako biyu a jere sannan ya koma 750.